Kilomita 42 da gwiwa mai amosani

Da yawanku kun tare ni kuna tambaya, wai da gaske ne Sakatare ya yi gudun fanfalaki na Legas? Da gaske ne, sai dai rabinsa tafiya na yi.

Shekara shida ke nan da likita ya ce min ina da amosanin gaɓɓai: guringuntsin gwiwata ta hagu ya zaizaye, ƙashi na gugar ƙashi. Da asuba sai na daɗe ina murza ta kafin ta yarda ta lanƙwasu. Ran da ta matsa, a kan kujera nake sallah.

Abin da ya kai ni shi ne kuɗin makarantar marayunmu. Zango biyu ana bin mu bashi, an fara koro yara, kuma na gaji da yawo da takardar neman taimako shago-shago. Sai na ce kowa ya rubuta abin da zai bayar a kan kowace kilomita da na ci. Wani Alhaji mai albasa a Mile 12 ya yi dariya ya ce, "Sakatare, in ka wuce biyar zan ninka nawa."

Likita bai hana ni ba. Ya ce motsi na ƙarfafa naman cinya, shi kuma ya rage wa gwiwa nauyi, amma in haɗa gudu da tafiya. Wata biyar ina atisaye bayan asuba.

A Fabrairu muka tashi daga filin wasa na Surulere da sassafe. Lafiya lau har muka hau gadar Third Mainland, mai kusan kilomita 12, ba inuwa, ruwa hagu da dama. A tsakiyarta gwiwar ta riƙe. Na dafa ƙarfen gada, na soma lissafi: in na tsaya nan, kuɗin yara nawa ya tafi? Gaskiya ba jarumta ba ce, kunyar komawa Agege ce ta ɗaga ni.

Da ɗingishi na isa Eko Atlantic, jama'a sun fara watsewa. Kwana huɗu gwiwar na kumbure, uwargida kuma ta ce in na sake, ita ba ta jinya.

An biya bashin zango ɗaya da rabi. Alhaji ya ninka nasa. Waɗanda ba su cika alkawari ba, littafin yana wurina har taron Lahadi.