Me ya sa muke fargaba idan aka ce za a gyara mana wurin shaƙatawa?

Akwai wani irin hoto da mutanen Kaduna suka saba gani tun daga 2019, shekarar da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar da shirinta na sabunta birane. Zane ne na kwamfuta wanda yake nuna yadda wuri zai koma idan an gama aiki: ciyawa kore shar, fitilu a jere reras, ruwa yana tsartuwa a tsakiya, ga wasu dogayen mutane suna tafiya a natse, waɗanda ba su yi kama da kowa a Kawo ko Tudun Wada ba. Da zarar irin wannan zane ya fito, sai gari ya rabu biyu. Wasu su yi hamdala, su ce Kaduna ta kusa kamo Abuja. Wasu kuma su ƙura wa zanen ido, suna laluben wata bishiya ko wani benci da suka sani, su rasa.

Yawanci ina cikin kashi na biyu, ko da yake aikin jarida ya koya mini sauraren kashi na farko da kunnen basira. Abin da nake son mu duba a wannan makon shi ne dalilin da ya sa labarin gyaran wurin shaƙatawa, wanda ya kamata ya zama albishir, yake tayar da hankalin masoyan wurin fiye da na kowa, da kuma abin da ya cancanci a saurara a cikin kukansu.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A watan Yunin 2020 kamfanin Disney na Amurka ya sanar cewa zai sauya fasalin Splash Mountain, wani wasa da ake zama cikin kwale-kwale ya gangaro da mutum daga tudu zuwa cikin ruwa. Kamfanin yana da hujja mai ƙarfi, domin an gina wasan ne a kan wani fim na 1946 da aka daɗe ana suka saboda yadda ya nuna rayuwar baƙar fata a kudancin Amurka. Duk da haka masoya wasan suka yi ca, wasu na tara sa hannu a bar shi, wasu na tara nasu a sauya shi. Da ranar rufe shi ta zo a Filorida cikin Janairun 2023, mutane sun yi sa'o'i a layi don su hau na ban kwana, har aka ga masu tallar ruwan wurin cikin kwalabe a eBay. A Agustan 2024 kamfanin ya sake sanar da faɗaɗa filin Magic Kingdom da sabbin sassa biyu, sai dai aikin zai cinye wani kogi da aka haƙa tun buɗe filin a 1971, da tsibirin da ke tsakiyarsa, da jirgin ruwan da ke kewaya shi. An rufe su a Yulin 2025. Masu ƙorafi ba su ce sabbin wasannin ba za su yi daɗi ba. Cewa suka yi a duk faɗin filin nan ne kaɗai mutum yake samun inuwa da shiru, ya zauna ba tare da wani ya nemi ya sayar masa da komai ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta tuna mini da Ƙofar Gamji. A takarda sunan wurin Filin Shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo. Amma a bakin jama'a Gamji ne, laƙabin Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, kuma ko direban Keke ba zai gane ka da wani suna ba. Wurin yana gaɓar kogin Kaduna ta arewa, cike da manyan itatuwa. Tsararrakina da suka tashi a Unguwar Rimi, Malali, Badarawa ko Kabala kusan kowa yana da hoton da aka ɗauke shi a can ran Sallah, sanye da sabuwar shadda mai sauran ƙamshin bugu, ko 'yar atamfa da lalle a hannu. Barka da Sallar da muka tara gida-gida can take ƙarewa, rabi a lilo, rabi a hannun mai askirim. Da yawanmu a can muka fara ganin kada da idonmu, dabbar da aka ce daga jam'inta garin ya samo sunansa.

Idan ka tambayi ɗayanmu me ya fi so a Gamji, da wuya ya ambaci wani abu da injiniya zai iya sa wa farashi. Zai ce maka gindin bishiyar da mahaifiyarsa take shimfiɗa tabarma ta buɗe kular shinkafa, ko wurin da ya tsaya da yayarsa wadda yanzu ta riga mu gidan gaskiya. Mai zanen kwamfuta ba ya ganin waɗannan abubuwa, kuma ba laifinsa ba ne, tunda ba a rubuta su a taswira. Shi fili yake gani mai faɗi kaza, wanda yake ɗaukar mutum kaza a rana, alhali zai iya ɗaukar ninkinsu. Lissafinsa daidai ne. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san lungun da ba ya so a taɓa.

Mun riga mun ga yadda babban gyara yake a Dandalin Murtala. Filin sukuwa ne tun zamanin Turawa. A nan aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956, a nan aka yi babban hawan bikin FESTAC a 1977, a nan kuma aka yi na cikar Kaduna shekara 100 a Disambar 2017. Tsakanin waɗannan manyan ranaku, dandalin fili ne buɗaɗɗe mai ƙura, wanda kowa yake yi da shi yadda ya ga dama. Ni a can na koyi keke. Wasu a can suka koyi mota, wasu ƙwallo, dattawa kuma su zo miƙe ƙafa bayan asuba. Da aka sake masa fasali, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a Janairun 2022, ya fito fes, da fitilu da filayen wasanni da wuraren cin abinci. Duk mai adalci zai yarda ya fi da kyau nesa ba kusa ba, kuma matasan da suke cika shi da yamma su ne shaida. Amma na san mutanen da har yau suke maganar tsohon dandalin kamar wani ɗan'uwa da ya yi tafiya. Da kyan sabon ba su da rigima. Abin da suka rasa shi ne wurin da ba a tsara wa kowa abin da zai yi a cikinsa ba.

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu masu kewar da. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Kowane zamani yana kare siffar da ya tarar yana yaro, yana ɗauka haka wurin yake tun fil azal. Gadar Lugga da ke cikin Gamji, wadda muke ɗauka kamar a nan ta tsiro, a Zungeru aka fara kafa ta a 1904, aka kwance ta aka kawo ta Kaduna bayan hedkwatar Arewa ta dawo nan, sannan aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Wataƙila a ranar da aka ɗauke ta akwai mutumin Zungeru da ya ji an yi masa ƙwace. Shi kansa Walt Disney, wanda ya buɗe filinsa na farko a Kalifoniya a Yulin 1955, ya faɗa tun farko cewa ba za a taɓa gama gina shi ba. Bayan haka, rashin gyara ma rushewa ne, a hankali yake yinta kawai. Lilon da ya yi tsatsa yana iya yanke ɗan yatsa, makewayin da ba ruwa yana korar mata da yara tun kafin kuɗin ƙofa ya kore su, dabbar da ke keji ba kulawa kuma alhaki ce a wuyan kowa. Wanda ya ce kada a taɓa komai, ya zaɓi wurin ya mutu yana kallo.

Saboda haka ba na jin tambayar ita ce a gyara ko a bari. Akwai bambanci babba tsakanin Gamji da filayen Disney, kuma a cikinsa amsar take. Disney kamfani ne, mai shiga filinsa abokin ciniki ne, idan bai ji daɗin sauyi ba iyakarsa ya daina sayen tikiti. Gamji da Dandalin Murtala kuwa dukiyar jama'a ne. Mai sayar da rake a Hayin Banki yana da haƙƙi a cikinsu daidai da babban sakatare. Don haka idan ya yi ƙorafi, mai kaya ne yake magana a kan kayansa, kuma yana da damar ya tambayi abubuwan da zanen kwamfuta ba ya nunawa.

Abu na farko da zane ba ya nunawa shi ne ƙofa. Galibi idan gwamnati ba ta da kuɗin kula da irin wannan wuri, 'yan kasuwa take gayyata su zuba jari, su kuma dole su mayar da kuɗinsu da riba. Wannan ba aibu ba ne. Amma mu ƙaddara an sa naira 1,000 a kan kowane kai. Magidanci mai 'ya'ya shida, da matarsa, da ƙanwarta da ke zaune a wurinsu, zai ajiye naira 9,000 kafin yaro ɗaya ya hau lilo, ban da kuɗin Keke zuwa da dawowa. A wurin wani wannan canjin aljihu ne, a wurin wani cefanen kwana biyu. Ba a bukatar a rubuta wa talaka "ba shiga", farashi ya isa ya faɗa masa. A Kano an ga irin wannan fargaba ta wata fuskar lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta bayyana niyyar mayar da gidan zoo na Audu Baƙo zuwa Tiga. Ko da sabon zai fi tsohon girma, yaron Gandun Albasa da ke takawa da ƙafa ran Sallah ba zai taka zuwa Tiga ba.

Na biyu shi ne inuwa. Ana iya gina rumfar shaguna cikin wata shida, amma maɗaci ko gamjin da mutum ashirin za su zauna a ƙarƙashinsa sai ya shekara arba'in ko fiye. Duk wanda ya san zafin Maris da Afrilu a garin nan ya san bambancin zama a gindin itace da zama a kan daɓen siminti. 'Yan tsirran da ake jerawa a tukwane bayan an sare manya, jikokinmu ne za su sha inuwarsu, in an ci gaba da ba su ruwa.

Akwai kuma abin da ya shafi Kaduna ita kaɗai. Tun bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwambar 2002, kogi ya zama iyaka a zukatan mutane. Musulmi da yawa suka tattaro arewa, Kiristoci da yawa suka koma kudu. An haifi yara a Rigasa da ba su taɓa zama benci ɗaya da yaron Sabon Tasha ba, haka ma a can. Wuraren da suka rage ana haɗuwa ba tare da an shirya taro ba kaɗan ne: kasuwa, asibiti, filin ƙwallo, sai irin su Gamji, inda nake ganin iyalan Barnawa da Narayi a ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara, wasu lokutan ma har da Sallah. Yaron da ya jira layin lilo a bayan wani mai suna daban da nasa, aka tura su tare, ya koyi abin da taron zaman lafiya a otal ba zai koya masa ba. Idan gyara ya mayar da wurin na masu mota kaɗai, za a ci gaba da haɗuwa, amma tsakanin waɗanda dama suna haɗuwa a ofis da jirgin Abuja.

Abin da nake fata duk ranar da aka tashi yi wa Gamji ko wani wuri irinsa babban aiki ba shi da tsada. A fito da zanen tun kafin a ba da kwangila, a kafa shi a ƙofar wurin da Hausa da Turanci, a karanta shi a rediyo. A ƙidaya manyan itatuwa, a faɗi nawa za su tsaya. A rubuta cikin yarjejeniya cewa wani sashe zai zauna kyauta ko da araha, musamman a ranakun bukukuwa, wasannin zamani masu tsada kuma su biya wa sauran. A tanadi wuri ga mai awara da mai hoto da mai rake, waɗanda da wurin suke ciyar da gidajensu. A bar gadar Lugga inda take.

Mu kuma masu kewa akwai namu aikin. Kuka bayan katafila ta shiga ba ya tsayar da komai. Wanda yake ƙaunar wuri ya riƙa zuwa, ya kai 'ya'yansa, ya biya kuɗin ƙofa, ya ɗauke ledar da ya zo da ita, ya kuma yi magana tun lilo yana da sauran fenti. Hukuma ta fi saurin miƙa filin da ta ga ba kowa a cikinsa, kuma idan shekara biyar ta wuce ba mu leƙa ba, da wuya mu gamsar da kowa cewa ba za mu iya rabuwa da shi ba.