A Kai Mashayi Asibiti

Mu da muke koyarwa a jami'a, da wuya shekara ta ƙare ba mu ga wani haziƙin ɗalibi ya lalace a kan idonmu ba. Yau ba ya aji, gobe ya zo yana layi, jibi mu ji an kama shi da ƙwaya. Sai kurkuku, inda yakan fito da cutarsa, ga kuma tabon da zai hana shi aiki.

Ƙasar nan ta gwada tsanani. A 1985 an harbe masu safara uku a Legas, a 1989 aka kafa hukumar NDLEA. Amma binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun sha ƙwaya cikin shekara guda. Fotugal kuwa tun 2001 ta daina ɗaure wanda aka samu da ɗan abin shansa, ta mai da hankali ga jinya, kuma yaɗuwar ƙanjamau ta allura ta ragu ƙwarai.

Saboda haka muna roƙon Majalisar Tarayya ta gyara doka: dillali ya gurfana gaban alƙali, ɗalibinmu a miƙa shi ga likita, in ya warke ya dawo aji.