Hannun cin tuwo

A Hausa in kana son nuna ma yaro hannun dama, cewa kake "hannun da kake cin tuwo". Ba mu kaɗai ba ne. Zabarmawa na ce ma dama kambe ŋwaari, hannun abinci ke nan. Fulani na cewa nyaamo, daga kalmarsu ta ci. Harsuna uku na ƙasa ɗaya, kowane ya raɗa ma hannu suna daga bakin akushi. Hagu kuwa, ko hauni in ji tsofaffinmu, kun san rabonshi: shi ke tsarki, ba a gaisawa da shi, ba a miƙa ma babba kuɗi da shi. Mai wuyar sha'ani bahago ne, wanda ya juya zance ya yi bahaguwar fahimta. A jami'a muna ɗaukar irin wannan abin daɗin hira a aji, amma bara na ga wannan suna ya kusa zaɓen gefen da za a tsaga a ƙirjin mutum.

Kawuna maƙeri ne a wani ƙauye wajen Tasawa, shekarunshi sun kai sittin. Jiri ya fara damunshi, har sau biyu yana faɗuwa a bakin wuta. Da aka auna, zuciyarshi na bugawa ƙasa da sau 40 a minti, alhali ta mai lafiya in yana zaune tana tsakanin 60 da 100. Zuciya na da ɗan lantarkinta da ke ba ta umurnin bugawa, to nashi saƙon ne ba ya sauka daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa. Aka turo mu Yamai, aka ce sai an sa mashi pil, wato batirin zuciya. Dangi suka yi karo-karo, aka saida tumaki. Ni aka haɗa shi da ni, tunda ni ne ɗan lakkwal.

Abin bai kai akwatin ashana kauri ba. Ana ɗan tsaga fata ƙasan ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa, a yi mashi aljihu, a zura siririyar waya ɗaya ko biyu ta cikin jijiyar jini har cikin zuciya. In bugun ya yi jinkiri, sai ya tsikare ta. Tun 1958 aka fara dasa shi a jikin mutum, a ƙasar Suwidin, kuma mutumin, Arne Larsson, ya rayu har 2001 ana canza mashi wani bayan wani. Yawanci hagu ake sa shi. Mutane na zaton don zuciya na hagu ne, amma dalilan biyu ne daban: ta hagu waya na bin lanƙwasa mai sauƙi zuwa zuciya, sannan kusan mutum tara cikin goma da dama suke aiki, gara a bar masu kafaɗar da suke wahalarwa. Shi ya sa kafin aiki likita ke tambaya.

Likitan ya yi tambayarshi da Faransanci, ko kawu na-dama ne ko bahago. Ma'aikacin jinyar da ke tsaye, mutumin kirki mai son sauƙaƙa ma tsoho, ya juya ta yadda kowa zai juya ta:

"Baba, da wane hannu kake cin tuwo?"

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Mi kake nuhi? Da dama mana. Ni ba Musulmi ba ne?"

"Rubutu hwa?"

"Dama. Allo na yi."

Likita ya ɗauki biro zai rubuta. Ni kuwa tun ina ƙarami nake ja mashi zugazugi in mun je hutu, na san awartaki a dama yake riƙewa, masaba a hagu. Na ce, "Kawu, gaya mashi da wane hannu kake ƙira." Ya yi shiru, ya harare ni kamar na tona mashi asiri gaban baƙi, kana ya ɗaga hagun kaɗan. Kakarmu ta sha ba mu labarin yadda aka riƙa buge mashi hannu a bakin ƙwarya har ya koma dama. An ci nasara a wajen tuwo da allo da gaisuwa. Wajen ƙarfe ba wanda ya damu, nan hannun ya ci gaba da abinshi shekara hamsin.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne ba wanda ya yi ƙarya a ɗakin. Tambayar Hausa ce tsantsa, amsar gaskiya ce. Sai dai likita na neman hannun da ke ɗaukar nauyi, mu kuma harshenmu ya ba shi hannun ladabi. A ƙasar da ba a dukan yaro don ya ci da hagu, cokali da biro na iya nuna maka bahago. A nan ka tambayi mutum ɗari da wane hannu suke ci, ɗarin za su ce dama, har da bahagwan cikinsu. Wani masani ɗan Birtaniya, Oldfield, ya tsara tambayoyin gane hannun mutum a 1971, kuma bai tsaya ga rubutu ba, ya sa jifa, almakashi, tsintsiya, ƙyasta ashana. Namu ya kamata su fi haka kaucewa daga akushi: da wane hannu kake jifar tsuntsu a gona, wane ke riƙe lauje, wane ke jan guga. Ga mace, wane ke tuƙa muciya. Kalmar bahago ma a aje ta gefe, don dattijo ba zai amsa ta gaban ɗan ƙanwarshi ba.

Likitan ya aje biro ya yi tambayoyi kan sana'ar: nauyin masaba, awa nawa a yini. Ya ce ta dama hanyar ta fi karkata, aikin ya ɗan fi wuya, amma ana yi, kuma ga mai dukan ƙarfe yini guda bai son waya ta zauna ƙarƙashin kafaɗar da ke wannan aiki. Ya ƙara da cewa da irin na'urar nan ce mai ba zuciya girgizar lantarki in ta rikice, da hagu zai fi so ko da wane hannu mutum ke aiki. Kun ga hannu ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, amma sai an san shi kafin a yanke. Aka sa ma kawu a dama.

Makonnin farko sun zo da nasu. An ce kar gwiwar hannun ta wuce kafaɗa, kar ya ɗauki kaya da shi har wajen mako shida, kar kuma ya ƙame shi kafaɗar ta sandare. Cin tuwo bai gagara ba. Shafar kai a alwalla ce ta sa shi sunkuyawa kamar mai neman allura, babbar riga kuma sai da aka aje ta. Walda ta lantarki, da yaranshi suka shigo da ita maƙerar, an ce ya nisance ta, don tana iya ruɗa na'urar. Salula kuma kar ta matso pil ɗin ƙasa da santimita 15: ya saurara da kunnen hagu, kar ya sa ta aljihun da ke kanshi.

Nan ne kawu ya yi dariyarshi ta farko. Teloli a hagu suke ɗinka aljihun ƙirji, don hannun dama ya shiga da sauƙi, shi kuwa tun yana saurayi yake murɗe wuyan hannu kafin ya ciro goro. Waɗanda aka sa ma nasu a hagu sai sun sake ma salula wuri. Ya shafa aljihunshi ya ce mani, "Kai ɗan lakkwal, ka gani? Nawa sai yau ya zo daidai."