Ranar da 'yata ta ce min "Umma, saki!"

Ni Bakanuwa ce, babban ruwan da na sani shi ne na Tiga, shi ma daga nesa. Don haka ranar da 'yata ta fari, wadda ke karatu a Sawtamton ta ƙasar Ingila, ta turo min hotonta a kan jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, kwana na yi ban runtsa ba. Da na tashi kai mata ziyara, saƙo ɗaya Abbanta ya ba ni: ta bar wannan wasa, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Na isar da saƙo. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ji, Umma. Amma ki bi mu sau ɗaya tukuna."

Haka aka ɗaura min rigar da ke hana nutsewa, muka shiga Solent, mashigin tekun da ya raba gaɓar Ingila da tsibirin Wayit. Bakina bai bar addu'a ba. Da iska ta koma bayanmu, suka ɗaga wani ƙaton ƙyalle mai launi a gaban jirgin, marar nauyi, ya kumbura kamar babbar riga a kan shanya. Sifinika suke ce masa. Igiya biyu ke riƙe da gefunansa na ƙasa. Ɗaya ta bi ta bakin wata sanda da ke tokare shi ta ɓangaren da iska ke fitowa, ɗayar kuma ita ce a hannun 'yata.

Na lura idonta ba ya barin gefen ƙyallen. Takan sassauta igiyar a hankali har gefen da ke wajen sandar ya fara lanƙwashewa, sai ta ɗan ja. Ta sake sassautawa, ta sake ja. Ta ce a daidai wannan gaɓar ƙyallen ya fi jan jirgi. Idan aka ɗaure shi tam, zai yi kyau a ido, amma iska ba ta samun hanyar wucewa, gudu ya ragu. Idan iska ta yi rauni, sai a sauke sandar ƙasa kaɗan don gefuna biyun su daidaita. Idan ta yi ƙarfi, a danne igiyoyin ƙasa don ya daina lilo.

Can ta miƙo min igiyar, tana naɗe a jikin ƙarfen da ake murzawa. Ban jima da riƙewa ba iska ta bugo da ƙarfi, jirgin ya karkata har na ga ruwa kusa da ƙafata. Abin da jikina ya ba ni shi ne in ƙanƙame, in ja.

"Umma, saki! Saki!"

Tunda na haife ta ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Na saki. Ƙyallen ya yi ta kaɗawa da ƙara, jirgin ya miƙe. Daga baya ta ce da na ci gaba da ja, da jirgin ya fi ƙarfin mai tuƙi, ya juya ya kwanta a gefe. Ta karɓi igiyar, ta ba ni haƙuri, hannunta ko rawa ba ya yi. Nawa kuwa sai da aka ba ni shayi.

Da dare na kira Abbanta. Na ce na ga yarinyar nan a inda ni na ruɗe ita ba ta ruɗe ba, kuma tana idar da sallarta, karatunta bai yi baya ba. Ya yi shiru, sannan ya ce to kada ta kuskura ta hau ba rigar nan, kuma ta riƙa kira duk ranar da suka sauka. Har yau tana kira.

Tsoron bai bar ni ba, ba zan ɓoye muku ba. Yanzu ƙanwarta ce ke maganar karatu a nesa, na kuma ji hannuna ya fara ƙanƙamewa. 'Yan uwana iyaye mata, ku yaya kuke gane lokacin ja da lokacin sassautawa?