Ƙarfen tukunya a ƙarƙashin Mustang

A birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar da yawa suka yada zango a Amurka, akwai wani ɗan Maraɗi da ya koyi gyaran mota a kan tsofaffin Peugeot 504 kafin ya ƙetare teku. Shekara da shekaru yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, har Allah ya hore masa tasa: Ford Mustang GT ƙirar 2006, mai silinda 8 da ƙarfin doki 300. Jihar kuwa ƙasar masu tseren mota ce, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba a jima ba ya soma kai motar filin tsere na bayan gari, inda ake gwada ƙarfi a kan mita 201 kacal.

A can ne abokai suka sa masa ido a kan kardan, wato dogon bututun nan da makanikan Najeriya ke kira farfela, mai ɗauko juyi daga buwat ya kai shi ga tayoyin baya. Na kamfani guda biyu ne a haɗe, da abin tallafi a tsakiya, nauyinsa kusan kilo 18. Wanda suka yaba masa guda ɗaya ne sambal, na goran ruwa, bai wuce rabin wannan nauyi ba. Kuɗinsa dala 700, wajen jikka 400 ke nan, daidai abin da ya tanada domin sabunta rufin ɗakin mahaifiyarsa kafin damina. Ya ce wa zuciyarsa damina da saura, ya saya.

Da ya buga wa tsohon maigidansa tarho a Maraɗi, dattijon ya yi shiru, sannan ya ce: «Yaro, ƙarfen da ake zuba tukunya da shi a Katako, shi ka ba amanar ranka?»

Tambayar ba ta wauta ba ce. Goran ruwa bai fi kashi ɗaya cikin uku na nauyin baƙin ƙarfe ba, amma taurinsa wajen ƙin lanƙwasa shi ma kashi ɗaya cikin uku ne. Dabarar maƙera ita ce su faɗaɗa bututun ya kai santimita 9 ko 10, domin faɗi ne ke hana shi lanƙwasa. Kowane kardan yana da iyakar gudun da in ya kai, sai ya soma bulala kamar igiya, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon saurin zuwan wannan iyaka. Yana cikin dalilan da suka sa kamfani ya raba nasa biyu tun farko. Sabon kuma ba ya ƙara wa moter ko doki ɗaya. Abin da yake yi kawai shi ne rage nauyin da ake juyawa, da kawar da ɗan sassaucin da ke tsakiya. Masu sayarwa ba su cika jaddada wannan ba.

Ya ɗaura shi ranar asabar. A cikin gari motar ta yi masa daɗi, tana amsa ƙafa nan take, ƙarar «kwas» da ya saba ji wajen sauya bitesi ta ɓace. Sai da ya hau babbar hanya, allura ta kai kilomita 110, kujera ta ɗauki rawa, madubi ya dusashe. A wannan gudu kardan yana juyawa wajen sau 3000 a minti, ƙasa da taki ɗaya daga cinyar direba. In ya tsinke ta gaba, bakinsa na iya cakar kwalta ya ɗaga motar sama. Ya gangara gefen hanya, hannuwansa na karkarwa, maganar dattijo na yi masa amo a kunne.

Mako biyu yana zargin ƙarfen, ashe laifin na wani wuri ne. Wanda ya riga shi mallakar motar ya rage mata tsawo, hancin pon na baya ya karkata, bai ƙara daidaita da layin buwat ba. Tsohon kardan mai gaɓoɓi da yawa yana haɗiye wannan karkata. Sabon ba ya yafe ko digiri biyu. Dole ya sake sayen hannun sama mai zare da ake daidaita pon da shi, da zoben ƙarfe mai tare kardan in ya tsinke. Rawar ta tsaya. A filin tsere kuwa, abin da ya rage a agogo bai kai ƙiftawar ido ba.

Ruwan farko ya sauka a Maraɗi tun rufi bai samu ba. Ƙanwarsa ta aiko masa hoton robobi uku jere a tsakar ɗaki, da saƙon tsohuwa cewa kada ya damu, ta san rayuwar waje da tsada. Ya karɓi aikin dare har wata biyu. Kwanon rufi ya isa gida a watan Agusta.