Mai Busa Ƙaho Da Matarsa

'Yan uwana mata, yau zan ɗan kauce daga hirar da muka saba, in kai ku Amurka wajen wasu makaɗa masu wani kiɗa da ake kira jaz. Na san wata za ta ce, ke kuma me ya haɗa ki da kiɗan Turawa? To ki yi haƙuri ki biyo ni, domin kiɗan ma baƙar fata ne suka ƙirƙiro shi, jikokin bayin nan da aka kwasa daga Afirka, a garin New Orleans, yau sama da shekara ɗari. Ni ma a wajen Yayana na fara jin sa, yana da kaset-kaset ɗinsa jibge a kwali, kuma gaskiya da fari hayaniya kawai nake ji, kamar kasuwa ta ci.

Daga baya ne na gane inda abin yake. Mu namu kiɗan nauyinsa yana kan ganga da baki ne, mawaƙi ya ba da waƙa, 'yan amshi su karɓa, kamar yadda Shata yake yi da masu kalangunsa. Su kuwa sauti suke ɗorawa kan sauti. Kin ga fiyanon nan da ake kaɗawa a waƙoƙin finafinanmu? Mai kaɗa ta a jaz yakan danna maɓalli huɗu ko biyar a lokaci guda, su ba da amo ɗaya haɗaɗɗe, wannan shi ne shimfiɗa. A kan shimfiɗar nan mai busa yake ƙago nasa zancen nan take, ba tare da an rubuta masa ba. In mai fiyano ya canza shimfiɗa, dole mai busa ya canza taku. Saboda haka kowa kunnensa yana kan ɗan uwansa, wanda ya shagala ya kai kowa ƙasa.

Cikin manyan wannan sana'a akwai Miles Davis, mai busa ƙaho, an haife shi a 1926 ya mutu a 1991. A watan Disamba na 1957 wani mai shirya fim a Faransa, Louis Malle, ya nemi ya yi wa fim ɗinsa kiɗa. Sai kawai aka haska masa fim ɗin a bango cikin dare, shi da makaɗa huɗu, yana kallo yana busawa, kafin gari ya waye an gama. Akwai wurin da jarumar take yawo ita kaɗai kan titin birnin Faris tana neman masoyinta, ba ta cewa komai, ƙahon ne yake yi mata kuka. Na kalli wurin nan a waya ya fi sau goma, kuma a matsayina na mai rubuta littafin soyayya har kishi na ji, don abin da nake cika shafi uku ban gama faɗa ba shi ya faɗa da numfashi kaɗan.

Amma labarin da ya fi tsaya mini shi ne wanda Herbie Hancock yake bayarwa. Shi mai fiyano ne, ya shiga ƙungiyar Miles a 1963 yana ɗan shekara 23, yaro ɗanye a gaban ubangidan da kowa yake shakka. Ya ce wani dare suna wasa a Turai, kiɗa ya yi daɗi, Miles yana tsakiyar busa, sai hannunsa ya danna abin da bai dace ba sam, amon ya fito a karkace kowa yana ji. Ya ce ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Miles bai juyo ya harare shi ba, bai tsayar da kiɗa ba. Ɗan shiru ya yi kamar ƙiftawar ido, sannan ya busa waɗansu sautuka da suka zauna daram a kan wannan karkataccen amon, har ya zama kamar da ma haka aka shirya. Hancock ya ce sai da ya yi shekaru kafin ya gane abin da ya faru, wato shi Miles bai ji abin a matsayin laifi ba, ya ɗauke shi abu ne da ya riga ya auku, saura neman abin da zai dace da shi.

Da na ji labarin nan sai na tuna wata Goggona. An kawo amaryar ɗanta, yarinya ƙarama, ranar girkinta na farko ta zabga wa miyar kuka gishiri har ba ta ciwuwa, ga dangin miji sun cika tsakar gida suna jiran abin faɗa. Goggo ta ɗanɗana, ta ce, “Kai, 'yar nan, miyar nan ai ta yi mana kaɗan, ɗauko babbar tukunya.” Ta juye, ta ƙara ruwa, ta ƙara daddawa, ta kaɗa kuka, aka ƙara tuƙa tuwo aka aika wa maƙwabta. Har yau mutane ba su san dalilin rabon tuwon ranar ba. Goggo ba ta taɓa jin sunan jaz ba, amma wallahi aikin guda ne.

To ga inda zancen yake yi mini ɗaci. Wannan mutumin mai kunnen jin kuskuren yaronsa ya gyara cikin ruwan sanyi, yana da mata a gida a daidai waɗannan shekarun, sunanta Frances Taylor. Gwanar rawa ce da ta yi suna, tana cikin wasan nan na dandali mai suna West Side Story, shi ya matsa mata ta bar aikin ta zauna a gida. Sun yi aure a 1959. Ita ce ma ta kai shi kallon wasu 'yan rawa da makaɗa da suka zo daga ƙasar Gini, kuma shi da kansa ya ce abin da ya ji a wurinsu yana cikin abin da ya sa shi rage yawan canje-canjen shimfiɗa a faifansa Kind of Blue na 1959, wanda ake lissafa shi cikin faifan jaz da suka fi kowanne kasuwa. Wato har a kiɗan nasa akwai hannunta.

Da me ya saka mata? Da duka. A wani fim na tarihinsa da ya fito a 2019, an nuna ta tana ba da labari da bakinta, cewa ranar da ya fara marinta abin da ta yi kawai shi ne ta ce wani makaɗi, Quincy Jones, kyakkyawa ne. Magana ɗaya ta suɓuce mata, irin wadda da a kan dandali ne da ya yi ɗan shirunsa ya nemo mata abin da ya dace. Shi ma a littafin rayuwarsa na 1989 bai musa cewa yana dukanta ba, ya ambaci kishi da ƙwaya da giya. Ni dai wannan uzurin bai shige ni ba, domin da ƙwayar da giyar yake hawa dandali, amma can bai manta yadda ake saurare ba. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Kuma mu mata mun san irinsu, mutumin da a majalisa ake yabon haƙurinsa, yaron shagonsa ya yi ɓarna ya ce ba komai, amma ruwan wanka ya ɗan huce a gida sai unguwa ta ji.

Har yanzu ina sauraron busarsa, musamman in ina rubutu da dare yara sun yi barci, sai dai yanzu in na ji ƙahon ya yi laushin nan nasa, matar nake tunawa. A jikin faifansa na 1965 mai suna E.S.P. akwai hotonsu su biyu, ita tana kallon mai ɗaukar hoto, shi yana kallonta. Ba a daɗe da ɗaukar hoton ba ta gudu ta bar masa gidan, aka raba auren a 1968. Ta rayu har 2018.