Yadda Na Sa wa Wasiƙuna Rariya

Jama'a, bara na yi asarar gurbin wani kwas na malamai a nan Kumasi. Takardar gayyata ta iso akwatin imel ɗina a kan lokaci, amma ta nutse cikin tallace-tallace da wasiƙun 'yan damfara. Sai da ranar ta wuce na gan ta.

Wani tsohon ɗalibina ne ya koya mini dabara. A Gmail, idan ka ƙara alamar tarawa da wata kalma bayan sunanka, kafin alamar @, wasiƙar akwatinka za ta zo. Yanzu ofis nakan ba su adireshi mai +aiki, kantuna kuwa mai +kasuwa. Sannan na kafa ƙa'idar tacewa: wasiƙar aiki a sa mata tauraro, ta kasuwa a kai ta gefe. Idan banza ta fara shigowa ta wani adireshi, na san inda ya yoyo, sai in sa a riƙa share ta.

Wasu shafuka ba sa karɓar alamar, 'yan damfara kuma suna iya cire ta. Duk da haka bana ban rasa takardar ofis ko ɗaya ba. Kunne ya ji, jiki ya tsira.